Jesin Japan ta Kofin Duniya na 2019: Abin da na Gani Bayan na Saye ta a Shagon Intanet

Na daɗe ina neman jesin da 'yan wasan zari-ruga na ƙasar Japan suka saka a kakar 2019, kuma sai da na shafe watanni ina leƙa shagunan intanet masu sayar da tsofaffin rigunan wasanni kafin na sami wadda hankalina ya kwanta da ita. Yanzu rigar ta yi wata huɗu a hannuna, na saka ta, na wanke ta sau da dama, na kuma ajiye ta kusa da hotunan wasannin wancan lokaci na kwatanta, saboda haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da ita da kuma shagon da ya sayar mini. Ba zan ambaci sunan shagon ba, domin ƙorafin da nake da shi a kansa irin wanda mai saye zai iya cin karo da shi ne a shaguna da yawa, kuma abin da zai amfani mai karatu shi ne ya san inda zai sa ido.

Kamfanin Canterbury ne ya yi rigar, wanda asalinsa daga Niyu Zilan yake, kuma ya daɗe yana yi wa ƙungiyar Japan kayan wasa. An fito da ita a watan Yulin 2019, watanni biyu da ɗoriya kafin a buɗe Gasar Cin Kofin Duniya da Japan ta karɓi baƙuncinta, wadda ita ce ta farko da aka taɓa yi a nahiyar Asiya. Launinta ja da fari ne, ratsi-ratsi a kwance, kamar yadda aka san rigar Japan tun da daɗewa, sai dai a wannan karon ratsin bai tafi miƙe ba, ya karyo ne ya yi tsini zuwa tsakiyar ƙirji, kuma an bi gefensa da siririn layi mai ruwan zinare. Masu zanen sun ce sun ɗauko fasalin ne daga kwalkwalin mayaƙan samurai na dā, wanda Japanawa ke kira kabuto, shi kuma ruwan zinaren yana nuni da hudowar rana a kan dutsen Fuji. A ƙirjin hagu akwai furen sakura guda uku, tambarin ƙungiyar.

A hoto, wannan layin zinare bai burge ni ba, domin na ɗauka ƙarin ado ne da rigar ba ta buƙata. Da rigar ta zo hannuna sai ra'ayina ya sauya. Layin siriri ne ƙwarai, aikinsa kawai ya raba ja da fari yadda ido zai ga tsinin nan sarai ko daga nesa, kuma da babu shi da rigar ta yi kama da kowace riga mai ratsi da ake gani a kasuwa. Abin da ya fi ba ni sha'awa ma ba ya fitowa a yawancin hotuna: idan aka karkata yadin zuwa haske, sai a ga an shimfiɗa zane-zanen gargajiya na Japan a jikinsa, masu launi ɗaya da yadin, wasu kamar igiyar ruwa da ke hawa kan juna, wasu kamar ganye mai kusurwoyi. Wanda ya saba duba aikin wuyan babbar riga da kyau zai gane irin wannan ado, wanda ba ya kiran ido daga nesa sai mutum ya matso. A nan ne kuma na fara gane bambancin ta gaske da ta jabu, domin jabun da na gani a hotunan wasu shaguna ratsin kawai suka kwaikwaya, yadinsu kuwa sumul yake.

Sai dai ba don zane na kashe kuɗina ba. Rigar tana da daraja ne saboda abin da aka yi sanye da ita a cikin watanni uku, daga ƙarshen Yuli zuwa 20 ga Oktoban 2019, kuma wanda bai san wannan labari ba zai yi mamakin yadda tsohuwar riga ke neman fin sabuwa tsada.

Kafin 2015, Japan ta halarci dukkan gasannin Kofin Duniya tun daga na farko a 1987, amma wasa ɗaya tak ta taɓa ci, wato wanda ta doke Zimbabuwe da ci 52 da 8 a 1991. Abin da aka fi tunawa da ita a wancan zamani shi ne kashin da ta sha a hannun Niyu Zilan a 1995, da ci 145 da 17. A 2015 ne, ƙarƙashin koci Eddie Jones, ta ba duniya mamaki ta doke Afirka ta Kudu da ci 34 da 32 a garin Brighton na Ingila, duk da haka ba ta tsallake matakin rukuni ba ko da yake ta ci wasa uku cikin huɗu. Saboda haka lokacin da aka shiga 2019, tambayar da ke bakin masu bin wasan ita ce ko abin da ya faru a Brighton sa'a ce ta rana ɗaya. Koci Jamie Joseph, wanda haifaffen Niyu Zilan ne kuma ya taɓa buga wa Japan ɗin wasa, shi da mataimakinsa Tony Brown suka gina salon wasa mai sauri, na miƙa ƙwallo daga hannu zuwa hannu ba tare da bari ta tsaya ba, domin sun san cewa a girman jiki ba za su yi daidai da Turawa ko 'yan Afirka ta Kudu ba.

Kakar ta fara da gasar ƙasashen yankin Tekun Fasifik. A ranar 27 ga Yuli Japan ta doke Fiji da ci 34 da 21 a Kamaishi, ƙaramin garin bakin teku da igiyar ruwan tsunami ta ɗaiɗaita a 2011, a filin wasan da aka gina a inda makarantun da ruwan ya lalata suke a dā. Ta biyo da Tonga da ci 41 da 7, sannan Amurka da ci 34 da 20, ta ɗauki kofin. A farkon Satumba kuwa Afirka ta Kudu ta zo Kumagaya ta lallasa ta da ci 41 da 7 a wasan share fage, abin da ya sanyaya gwiwar magoya baya da dama makonni biyu kacal kafin babbar gasa.

A nan akwai abin da mai saye ya kamata ya lura da shi, domin rigar 2019 iri biyu ce ta fuskar abin da ke rubuce a gabanta. Wadda ake sakawa a wasannin da ba na Kofin Duniya ba tana ɗauke da sunan mai ɗaukar nauyin ƙungiyar, wato abin shan nan Lipovitan D, a tsakiyar ciki. Ta Kofin Duniya kuwa babu sunan ɗan kasuwa a gabanta, domin dokar gasar ba ta yarda da haka ba, sai tambarin gasar a ƙirjin dama. Ni ta Kofin Duniya na nema, ita kuma aka aiko mini, a wannan ɓangaren shagon bai saɓa alkawari ba. A ganina ita ce ta fi kyau, saboda tsinin ratsin yana fitowa ba tare da rubutu ya katse shi ba, kuma ita ce aka gani a wasanni biyar ɗin da suka sa ake neman rigar.

Wasan buɗe gasa da Rasha a Tokiyo ranar 20 ga Satumba bai yi armashi sosai ba, 'yan wasan Japan sun fara da rawar jiki har suka bari aka riga su ci, amma suka farfaɗo suka gama da 30 da 10, Kotaro Matsushima ya dire ƙwallo a bayan layin abokan karawa, wato babbar hanyar cin maki a zari-ruga, har sau uku. Wasan da ya sauya komai shi ne na Ayalan a Shizuoka ranar 28 ga Satumba. Ayalan ta shigo gasar tana cikin ƙungiyoyi biyu mafiya ƙarfi a jadawalin duniya, kuma cikin mintuna ashirin da kaɗan ta yi gaba da 12 da 3, har aka fara cewa komai zai tafi yadda aka zata. Daga nan ba ta sake samun maki ko ɗaya ba. Yu Tamura ya riƙa rage tazarar da bugun fenareti har aka tafi hutun rabin lokaci ana 12 da 9, kuma kafin hutun an yi wata turereniya da 'yan gaban Japan suka tura na Ayalan baya har alƙalin wasa ya ba su fenareti, abin da mutane ƙalilan suka yi tsammanin gani. Wannan aikin Shin Hasegawa ne, kocin da ya koya wa mutum takwas ɗin gaba yadda za su haɗa ƙarfinsu ya zama ɗaya. Ana dab da cika awa ɗaya da fara wasa Kenki Fukuoka, wanda ya shigo daga benci, ya dire ƙwallo a kusurwar hagu, aka tashi 19 da 12. Abin da har yanzu nake tunawa shi ne yadda ɗan wasan Ayalan ya buga ƙwallo waje da gangan a ƙarshe don a tashi haka, saboda ƙungiyarsa ta tsira da makin da ake ba wanda ya sha kaye da ƙaramar tazara, wato manyan sun gwammace su karɓi kayen da su ci gaba da gwada sa'a.

Samowa ta biyo baya a garin Toyota ranar 5 ga Oktoba, aka tashi 38 da 19, kuma sai bayan lokaci ya cika Matsushima ya samo direwa ta huɗu da ta ba Japan ƙarin maki. Daga nan sai wasan Sikotilan, wanda saura kaɗan a ce ba a buga shi ba. A ranar 12 ga Oktoba mahaukaciyar guguwar Hagibis ta afka wa tsakiya da gabashin Japan, ta haddasa ambaliya, ta kashe mutane da dama. An soke wasanni uku na gasar: Niyu Zilan da Italiya, Ingila da Faransa, sai Namibiya da Kanada wanda za a yi a Kamaishi, inda 'yan wasan Kanada suka ɗauki shebur suka taya mutanen gari kwashe laka daga tituna. Sai da gari ya waye ranar 13 ga wata aka tabbatar cewa filin Yokohama zai iya karɓar wasa, bayan ma'aikata sun yi ta fama da ruwan da ya kwanta a kewayensa.

An yi shiru na minti ɗaya don waɗanda suka rasu, sannan aka fara. Sikotilan ta riga ci ta hannun Finn Russell, amma abin da Japan ta yi a mintuna talatin da suka biyo baya shi ne mafi kyawun zari-rugar da na taɓa kallo daga ƙungiyar da ba a lissafa ta cikin manya. Fukuoka yana faɗuwa ya wurga wa Matsushima ƙwallo da hannu ɗaya, shi kuma ya ruga ya dire. Direwa ta biyu ta fi ban sha'awa, domin ƙwallon ta ratsa hannun mutum uku kowanne ana riƙe da shi yana kan hanyar zuwa ƙasa, ta ƙare a hannun Keita Inagaki, ƙaton ɗan gaba da aka sani da rashin murmushi, wanda bai taɓa dire wa ƙasarsa ƙwallo ba sai ranar. Fukuoka ya ƙara ɗaya kafin hutu, ya kuma fizge ƙwallo daga hannun abokin karawa jim kaɗan bayan an dawo ya sake rugawa, aka koma 28 da 7. Sikotilan ta yunƙuro ta rama biyu ta kawo 28 da 21, sauran mintuna ashirin da ɗoriya kuwa Japan ta yi su ne tana tare hanya da jiki. Da aka busa tashi ta zama ta ɗaya a rukuninta da nasara huɗu cikin huɗu, ita ce kuma ƙasar Asiya ta farko da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas. Mutum fiye da dubu 67 ne a filin, kuma hukumar zari-ruga ta duniya ta ce waɗanda suka kalla a talabijin a cikin Japan sun haura miliyan 54. Duk wanda ya ga hoton filin a daren nan zai ga ja da fari ne daga sama har ƙasa, kuma a lokacin gasar rigar ta yi ta ƙarewa a shaguna saboda yawan masu nema.

Tafiyar ta tsaya ranar 20 ga Oktoba a Tokiyo, a hannun Afirka ta Kudu. An tafi hutu ana 5 da 3, amma bayan an dawo ƙarfin 'yan gaban Afirka ta Kudu ya yi aikinsa, Faf de Klerk ya dire ɗaya, Makazole Mapimpi ya ƙara ta biyu a kan wadda ya dire tun farkon wasa, aka tashi 26 da 3. Ranar ta zo daidai da cika shekara uku da rasuwar Seiji Hirao, tsohon kyaftin kuma tsohon kocin Japan da ake yi wa laƙabi da gwarzon zari-rugar ƙasar. Afirka ta Kudu ta wuce ta ɗauki kofin, inda ta doke Ingila da ci 32 da 12, Siya Kolisi ya ɗaga shi a matsayin baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiyar. Ni da nake ɗan Afirka na yi murna da wannan, amma rigar waɗanda aka fitar ita na nema, wataƙila saboda kusan rabin 'yan wasan da suka saka ta ba a Japan aka haife su ba, ciki har da kyaftin Michael Leitch wanda ya je ƙasar karatu yana ɗan shekara 15 daga Niyu Zilan, kuma duk da haka jama'ar ƙasar suka rungume su a matsayin nasu.

Na koma kan shagon. Abu na farko da ya ɓata mini rai shi ne bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, inda aka nuna kamar irin wadda 'yan wasa ke sakawa a fili ce. Ba ita ba ce. Ta 'yan wasa tana kama jiki tamau don kada abokin karawa ya sami abin riƙewa, kuma a 2019 an yanka ta iri uku ne gwargwadon matsayin ɗan wasa, ta 'yan layin farko daban, ta sauran 'yan gaba daban, ta masu gudu na baya daban. Wadda aka aiko mini ta magoya baya ce, mai saki a jiki. Ba ni da ƙorafi a kan ita kanta rigar, hasali ma ita ta fi dacewa da mutum irina da ba ya shiga fili, amma kuɗin da aka caje ni ya fi kusa da na ɗayar, kuma da na rubuta musu sai suka amsa bayan kwana shida cewa kuskuren rubutu ne, ba tare da sun yi maganar rage ko sisi ba.

Na biyu shi ne batun girma. Awon tufafin Japan ya fi na Turai da Amurka ƙanƙanta, ta yadda harafin da mutum ya saba saya zai iya matse shi a kafaɗa, kuma shagon bai faɗi ko rigar ta kasuwar Japan ce ko ta waje ba. Allah ya taimake ni na nemi a auna mini faɗin ƙirji da tsawo da tef kafin na biya, na kuma kwatanta da wata rigata a gida, sai na ga dole na hau mataki ɗaya. A wannan sun kyauta, domin sun turo hoton rigar a shimfiɗe da tef a kanta, sun kuma nuna mini wani ɗan jan zare a bayan hannun dama wanda da ba su faɗa ba ba zan lura da shi ba sai bayan kwanaki. Ina ba duk mai niyyar saye shawara kada ya dogara da harafin da ke wuya, ya nemi awo da santimita, ya kuma nemi hoton lakabin ciki da na yadin a kusa, inda zanen gargajiyan nan zai fito.

Na uku shi ne jinkiri. An ce mini mako biyu, kayan suka yi mako biyar a hanya, kuma lambar bin sawu da aka ba ni ta daina nuna komai tun daga kwana na tara. Ban ɗora musu laifin duka ba, domin kaya daga ƙasar waje suna bi ta hannaye da yawa, amma da sun faɗi gaskiyar lokacin tun farko da ban yi ta zirga-zirgar tambaya ba. Ƙunshin dai ya iso lafiya, an naɗe rigar a leda biyu, babu danshi babu wari.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, yadin foliyesta ne mara nauyi, yana bushewa cikin ɗan lokaci, kuma bayan wanki da yawa jan bai zuba a kan farin ba, wanda shi ne abin da na fi jin tsoro. Ina wanke ta da hannu da ruwan sanyi, ina juya cikinta waje, ina shanya ta a inuwa, kuma ba na kusantar da dutsen guga gare ta saboda tambarin da ke ƙirji. Ɗinkin kafaɗa da na gefe suna nan daram, wuyan bai saki ba, ga shi kuwa riga ce da wani ya riga ya yi amfani da ita kafin ta zo hannuna. Farin ratsin yana saurin nuna ƙura, don haka ba rigar da za a saka a hau babur a lokacin hunturu ba ce. Da yamma ko da safe ta fi daɗin sakawa, da tsakar rana kuwa a lokacin bazara auduga ta fi ta.

Mutane da dama da suka gan ni da ita sun ɗauka ta wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce, kuma sau biyu wannan tambaya ta kai mu ga zama mu kalli wasan Sikotilan a waya, ɗaya daga cikin abokan nan ma sai da ya sa na maimaita masa direwar Inagaki sau uku. Ga wanda ya bi kakar 2019 ko yake son ya ajiye wani abu daga cikinta, rigar ta cancanci kuɗinta matuƙar ya sami ta gaske a farashin ta magoya baya. Shagon kuwa zan iya komawa gare shi saboda gaskiyar da suka faɗa game da jan zaren da kuma awon da suka turo, amma ba zan sake biya ba sai sun rubuta mini ƙarara wace iri ce, kuma yanzu haka ina jiran amsarsu a kan shuɗiyar rigar da ƙungiyar ta tanada a matsayin ta biyu a shekarar 2019.